Share Fage: Kundin Zagayen Hunturu

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025. Tudun Wada, Kaduna

Magana ta tabbata. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen shekara zan bi wani babban mawaƙi, wanda zan riƙa kira Maigida, zagayen wasanninsa a matsayin mai share fage: in hau dandamali kafin shi, in yi minti 20, in sauka. A tsaye manajansa ya zayyana mini sharuɗɗa a ƙofar situdiyo. Mota da masauki da abinci nasu ne. Akwai ɗan abin sawa a aljihu bayan kowane wasa. Abin da aka liƙa mini nawa ne. Ba zan taɓa waƙar Maigida ba ko da baiti ɗaya, kuma ba zan zarce lokacina ba. Na ce a rubuta mini. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, da ganinka ɗan boko ne." Da daddare dai ya turo ta WhatsApp, na adana.

Ba kuɗin ne suka ja ni ba, don ba su kai a yi zancensu ba. Ina da waƙoƙin da ban da abokaina da ƙannena babu wanda ya taɓa ji, su kuwa komai na rera "ta yi" za su ce. So nake in tsaya gaban mutanen da ba don ni suka yanki tikiti ba, waɗanda ba sa jin kunyata, in ga wace waƙa za ta sa su ɗago kai daga waya. Wadda ta tsira ita za ta shiga situdiyo kafin azumi.

Abu ɗaya na kafe a kai, wato kiɗa da murya kai tsaye. Yawancinmu yanzu maimin muke yi: a miƙa wa dije filashi, ya saki waƙar yadda aka ɗauke ta, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bi da baki yana taka rawa. Ban raina masu yi ba. Ya fi arha, ba ka ɗawainiyar makaɗa, kuma ranar da mura ta kama ka babu mai sani. Sai dai waƙar da ke cikin filashi ta riga ta daskare, ba ta sauyawa don jama'a sun yi sanyi, ni kuwa sauyawar nake nema. Saboda haka jita a hannuna, kalangu a hammatar Baba, dattijon makaɗin da nake aiki da shi, shi ke nan.

Laraba, 29 ga Oktoba

A zauren gidan Baba da ke Unguwar Sanusi muke bita bayan la'asar. Gadon kalangun ya yi. Ya fara da kiɗan mahauta, ya yi na biki, ya bi mawaƙan siyasa tun jamhuriya ta biyu, lokacin da, in ji shi, mawaƙi bai cika mawaƙi ba sai an ji muryarsa a Rediyon Kaduna.

Yadda yake aiki ya rage mana gudu ƙwarai, amma ba zan musanya shi da komai ba. Ba ya yarda in rera baiti sai na fara faɗarsa da baki, magana zalla. Sai ya ɗauki gula ya kaɗa jimlar, yana matse igiyoyin kalangun da hammata inda murya ta hau, yana saki inda ta sauka, har ka ji gangar tana faɗar abin da ka faɗa. Sannan ya ce in rera. Duk inda karin waƙata ya hau alhali maganar sauka take yi, sai ya tsaya cak. "Ɗana, a nan bakinka da Hausa sun raba hanya."

Wannan ita ce cutar masu jita a garin nan. A YouTube muka koyi kiɗan, a kan waƙoƙin wasu harsuna, sai mu zo mu shimfiɗa Hausa a kan karin da ba don ita aka yi shi ba. Kunnen mai sauraro yana jin wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba. Baba ya kawo misalin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, babu 'yan amshi, amma yana riƙe taro, saboda daga cikin maganar karinsa yake fitowa.

Wadda ta fi shan gyara ita ce waƙar masaƙa. A Kakuri na buɗe ido, mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Tun 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a wajen, wasu suka biyo baya, har ta kai unguwar ba ta buƙatar agogo, jiniyar canjin aiki ta wadatar. Bayan shekarar 2000 aka riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya. Waƙar a kan jiniyar nan take da kekunan ma'aikata. Ita na fi so, ita kuma na fi jin tsoron fitarwa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Jiya aka buɗe, a nan gida, a wani zauren taro da ke Unguwar Rimi. A tikiti an rubuta ƙarfe 4. Makaɗan Maigida suka cinye lokacin gwajin sauti, mu aka ba mu abin da ya rage: injiniya ya ce in ce "ɗaya, biyu", ya ɗaga mini babban yatsa, ya tafi salla. Bayan magariba aka kira ni. Kujerun gaba, na masu tsada, babu kowa a kai, don masu su ba sa zuwa sai sun tabbatar Maigida ya iso.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san matsayina. Kafin manyan 'yan dambe su ɗaura zare, yara ake sakawa su kara, ana ciniki ana gaisawa, ba mai kallonsu sai in wani ya kai wani ƙasa.

Ina tsakiyar waƙa ta biyu wani onarabul ya shigo da tawagarsa. Emsi, mai gabatar da taro, ya ɗauki nasa makirfon ya hau yi masa kirari a kan muryata. Baba bai ko ƙifta ba, ya juya kiɗan ya raka kirarin, da mutumin ya zauna ya dawo da mu daidai inda muka tsaya. A mota ya ce mini, "Haka ake yi. Ba a faɗa da mai makirfo biyu."

Sakamako: waƙar kuɗin haya ta sa wasu mata a baya dariya a daidai baitin da nake fata. Ta 'yar Rigasa ta wuce lami lafiya. Ta masaƙa ban fitar ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba. Bayan Zariya

Tafiyar ba nisa, wajen kilomita 80, ta Maraban Jos da Jaji. A Samaru aka yi, kusan duk ɗaliban jami'a ne. Su suna zuwa da wuri, don ba su da kujerar da aka ajiye musu, kuma ba sa ɓoye ra'ayinsu. Wanda ya ƙosa zai ɗaga murya ya ce a kawo Maigida.

A nan na ga abin da ke sa baƙo ya bi waƙar da bai taɓa ji ba: amshin da zai iya kamawa tun karo na biyu. Amshin waƙar kuɗin haya layi ɗaya ne, kafin in kai baiti na uku zauren ya karɓe shi daga bakina. Na 'yar Rigasa layi huɗu ne, yana da daɗi a takarda, amma babu wanda ya bi. Da ma iyayen gidanmu na gargajiya sun san wannan. Shi ya sa za ka ji jagora yana ta zuba baituka iri-iri, 'yan amshi kuwa gajeriyar jimla ɗaya suke ta maimaitawa har a tashi. Na rage shi zuwa layi biyu a hanyar dawowa.

An ɗauke wuta muna kan dandamali, kuma kafin janareta ya tashi an ɗan jima. Jita ba ta wuce layi na uku idan babu sifika. Kalangu kuwa har ƙofa. Baba ya saki taken Zazzau, yaran suka hau ihu, ni dai tafi na riƙa yi.

Talata, 18 ga Nuwamba. Bayan Kano

Kano daban ce. Can cibiyar sana'ar take, situdiyo a kowane bene a titin gidan Zu, kuma a cikin masu kallonka akwai mawaƙa da furodusoshi da yaran furodusoshi, kowa ya naɗe hannu yana auna ka. Akwai kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, da mawaƙa ma ke ƙarƙashin kulawarta. Tun muna Kaduna manaja ya karɓi hotona da rubutattun baitukana don cike takardu.

Na fitar da waƙar masaƙa, ta mutu a tsaye. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya kore ni, hira kawai aka koma yi. Abin ya ba ni mamaki, don Kano ma ta ga rufewar masana'antu a Sharaɗa da Bompai. Da na saurari abin da ƙanena ya ɗauka a waya sai na ga matasa ne zalla, sun zo rawa, ga shi waƙar tana cin kusan minti ɗaya kafin kalangu ya shigo. Ba zan yanke mata hukunci da dare ɗaya ba. Ta 'yar Rigasa da sabon amshinta ta tashi sosai.

Maganar liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wajen biki, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru da yawa ba wanda ya damu da ita, sai ga shi a 2024 ana ta gurfanar da sanannun mutane. Yanzu manaja tire yake ajiyewa a bakin dandamali, kuma an buga lambar asusun Maigida a jikin kyallen da ke bayanmu. Matsalar ita ce kyallen nan yana rataye tun ina waƙa. Wani bawan Allah ya tare ni a waje yana murna ya nuna mini shaidar kuɗin da ya tura "don waƙar nan ta haya". Na yi masa godiya. Na kai wa manaja maganar, ya ce za a duba. Daga yanzu emsi zai faɗi tawa lambar kafin in fara.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai, daga gadar Kawo ba ka hango komai sai hazo. Maƙogwarona ya fara kartawa. Ruwan ɗumi da zuma da citta da kanumfari safe da dare, takunkumi a mota, ruwan sanyi kuwa mun yi sallama. Umma ta haɗa mini da kimba, ta ce in rage surutu, wanda shi ne maganin da ya fi wuya.

Kayan kiɗa ma suna jin jiki. Katakon jita yana bushewa, sautin ya riƙa zamewa tsakanin waƙa da waƙa, don haka na sa ɗan soso mai laima a cikin jakarta. Fatar kalangun Baba ta ɗaure, muryarsa ta yi sama, sai ya shafa mata damshi da tafin hannu kafin mu hau.

Litinin, 1 ga Disamba. Bayan Jos

Ta Pambeguwa da Saminaka muka bi. Mutane suna ganin hoton dandamali su ɗauka shi ne rayuwar, alhali minti 20 ne a cikin yini biyu. Sauran duk jira ne. Jiran direba, jiran a ɗaure sifikoki a saman bas, jiran mai a gidan mai, jiran a buɗe zaure, jiran Maigida, wanda shi a tasa motar yake tafe. A bas ɗin ma akwai tsari ko da ba a faɗa ba: mai fiyano da injiniya a gaba, 'yan amshi a tsakiya, ni a can baya da jita tsakanin ƙafafuna. Baba kaɗai aka ɗaga wa ƙafa saboda furfura. A masauki mu huɗu a ɗaki, wani yana minshari, wani yana waya da budurwa har asuba. Abinci kuwa shayi da burodi, sai tsire idan an tashi wasa.

Amma a kujerar bayan nan na fi yin rubutu. Kuma 'yan amshin Maigida, da farko ba sa kula ni, yanzu su ke gaya mini gaskiyar da ba na samu a wajen kowa. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Yaya, kana rufe ido idan kana waƙa. Wanda ka rufe wa ido shi ma zai rufe maka kunne."

Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, sanyin dare ya sa yatsuna suka ƙage a kan tsirkiya. Sai dai mutanen garin sun saba da kiɗan kai tsaye, kuma injiniyan wajen shi ne na farko da ya juyo mini da sifika ɗaya ta fuskance ni don in riƙa jin muryata. Bambancin ba kaɗan ba ne. Wanda ba ya jin kansa ihu yake yi, kuma ihun ne ke cinye murya.

Lahadi, 7 ga Disamba. Bayan Kafanchan

Ta Kachiya da Zonkwa, aka tsaya na sayi citta a inda ake nomanta. Kafanchan garin jirgin ƙasa ne, mahaɗar layin dogo tun zamanin Turawa, kuma taron ya haɗa kowa: Bajju, Atyap, Fantswam, Hausawa, Fulani, duk da Hausa ake magana. A fili aka yi, da rana, akwai dattawa da mata masu goyo.

Na sake fitar da waƙar masaƙa, wannan karon kalangu ne ya buɗe, Baba yana kwaikwayon jiniya da shi. Da na kai amshi na biyu sai na ji wani abu da ban taɓa ji a kan waƙata ba. Matan da ke gefen dama suka karɓa, amma ba da murya ɗaya ba. Wasu suka bi karin, wasu suka hau samansa, wasu maza suka riƙe ƙasa, ba tare da kowa ya tsara ba. Mutanen da suka tashi a ƙungiyoyin waƙa na coci da zumuntar mata ne, raba murya a jininsu yake. Kuma suka ja amshin ya yi sanyi fiye da yadda nake rera shi, dole na bi su. Tasu tafiyar ta fi tawa dacewa da maganar.

Bayan na sauka wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce shekarunsa na ƙuruciya duk a Kakuri ya yi su, a sashen rini. Ya ce, "Yarona, ka manta da masu abinci na bakin get. Su ma da aka rufe, tare muka tashi." Ya lissafa mini abin da ake sayarwa a wajen da yadda ake cin bashi sai ƙarshen wata. Ban bar wajen ba sai da na rubuta sabon baiti a bayan takardar shirin taro. Masaƙun nan mutanen kudancin jihar da na arewacinta suka haɗa a layi ɗaya, abin da waɗanda aka haifa bayan an raba garin Kaduna gida biyu, wannan ƙetaren kogi da wancan, ba su gani ba. Ban shirya waƙar don ta faɗi haka ba, amma yanzu tana faɗa.

Na wuce lokacina da 'yan mintoci. Manaja ya nuna mini agogo daga nesa, bai dai ce komai ba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Maigida ya aiko a kira ni gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in zauna a kujera. Ya ce waƙar kuɗin haya ta shiga ransa, yana so. A sana'ar nan ba sabon abu ba ne: yaro ya rubuta, babba ya saya ya rera, sunan yaro ya ɓace, wani lokaci har a sa ta a fim. Kuɗin da ya ambata sun fi duk abin da zan samu a zagayen nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in yi shawara."

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi cewa sayar da haƙƙin waƙa sai a rubuce. Amma ba doka ce ke damuna ba. Ita ce waƙar da ke buɗe mini kunnen mutane a kowane gari. Idan na ba da ita, da me zan share fagen? Baba ya ce kada in ce a'a, ba a ce wa babba a'a a tsakiyar tafiya. Shawararsa ita ce in roƙi mu rera tare. Haka na yi. Maigida ya yi shiru, ya ce zai yi tunani.

Asabar, 20 ga Disamba. Bayan Abuja

Jirgin ƙasa muka hau daga Rigasa zuwa Idu, layin da ya fara aiki a 2016. Kaya sun bi mota. Wannan liyafar cin abinci ce a otal, ba wasan tikiti ba. Aka rage ni zuwa minti 10, na yi su ana karan cokula. Ban koyi komai game da waƙoƙina ba, amma nan na fi samun kuɗi. Wata Hajiya ta ce in turo mata "wannan ta Rigasa", na ce ba a ɗauka ba tukuna, ta ce to me nake jira.

Wani ɗan guntun bidiyo na Kafanchan, daidai inda matan nan suka karɓi amshi, yana yawo a TikTok. Ba sunana a jiki.

Litinin, 29 ga Disamba. Tudun Wada

An rufe zagaye ranar Asabar a nan Kaduna. Wannan karon kujerun tsakiya sun cika kafin in hau, kuma wasu sun zo da amshin masaƙa a bakinsu.

Ga inda aiki ya tsaya. Ta kuɗin haya, ta masaƙa da ta 'yar Rigasa sun tsira, da wata ƙarama a kan direbobin tashar Kawo da na rubuta a bayan bas, wadda ta tashi a Jos ba zato. Biyu na ajiye gefe: duk garin da na gwada su, a lokacinsu mutane ke tashi sayen ruwa. Ɗaya a cikinsu baitukanta suna da kyau, mai yiwuwa waƙar karantawa ce ba ta rerawa ba.

Maigida ya yarda mu rera ta kuɗin haya tare, sunana a matsayin marubuci, kuma za ta fita a shafina da nasa na manhajar sauraron waƙa ta Audiomack. Rabon abin da za ta kawo ne ba mu daidaita ba, manaja yana cewa a bari sai an ɗauka, ni ina cewa a rubuta tukuna. Kuɗin Kano da suka faɗa asusunsu har yau ana dubawa.

Na kama situdiyo a Barnawa daga mako na biyu na Janairu, saboda ɗakinsu yana da faɗin da za a ɗauki kalangu da jita a lokaci guda, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya ba. Na yi magana da shugabar wata ƙungiyar mata masu waƙa a Sabon Tasha, za ta kawo mini mutum shida don amshin masaƙa, da sharaɗin a gama kafin duhu. Azumi zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, don haka dole a gama haɗa sauti kafin nan, a saki bayan Salla. Baba ya ce fatar kalangun ta gaji, gobe za mu je wajen mai ɗaurin ganga a sake ta, don tana buƙatar kwanaki kafin ta zauna.